Rinar da ke rufin ajinmu da ta lambun Jiratawa: iri ɗaya ce ko biyu?

Malamin Kimiyya, Unguwar Zariya

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Ni malami ne, ina koyar da ilimin halittu a wata kwaleji a nan cikin garin Maraɗi, kuma na zo da tambayar da ɗalibaina suka yi mini wadda ban so in amsa musu da ka ba.

Da muka koma karatu a watan Oktoba, sai muka tarar da gidan rina a ƙarƙashin kwanon barandar ajinmu, yana rataye a jikin katakon rufi da wani siririn mariƙi guda ɗaya wanda bai fi tsinken tsintsiya kauri ba. Gidan ruwan toka ne, kamar takardar da ta sha ruwa ta bushe, ba shi da wani rufi, ana ganin ramukansa a fili, wasu da ƙwai, wasu da tsutsa, wasu kuma an toshe bakinsu da farin abu. Na ƙidaya rina goma sha uku a kansa da sassafe, kafin rana ta yi zafi su watse. Tsawon kowace zai kai santimita biyu da rabi, jikinta baƙi-baƙi ne mai ɗan ja a fuska da ƙafafu, ƙugunta dogo siriri, kuma idan ta tashi ƙafafunta na baya suna lilo a ƙasa.

Mako biyu bayan haka na je lambun kawuna a Jiratawa, na ga wani gidan mai fasali iri ɗaya a ƙarƙashin rumfar da ake ajiye injin ban ruwa. Amma rinar can ta fi ja sosai, kuma a bayan ƙugunta akwai ɗigo biyu rawaya, ɗaya dama ɗaya hagu, abin da ban lura da shi a jikin ta makaranta ba. Na ɗauki hoto na nuna wa yara, sai gardama ta kaure. Wasu suka ce duka biyun rina ne, wasu suka ce mai siririn ƙugu ai zanzaro ne, wani yaro daga wajen Tasawa kuma ya ce a gidansu zirnaƙo ake ce wa baƙar.

Abin da nake nema shi ne in san sunan wannan ƙwaro a wurin masana, da matsayinsa a cikin danginsa, da kuma ƙasashen da ake samunsa. Sannan babbar tambayata: bambancin launin nan yana nufin iri biyu ne, ko kuwa iri ɗaya ne da ya sauya kama saboda wurin zama? Na hana mai gadi ƙone gidan har sai na sami bayani, domin ba kullum malami yake samun darasi a rataye a ƙofar ajinsa ba.

Mai Zuma, Madarumfa

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ban yi karatun boko mai zurfi ba, jikana ne yake rubuta mini abin da nake faɗa, amma na yi shekaru masu yawa ina ɗora amya a itatuwa, kuma wanda yake hawa itace dole ya san abin da ke harbi.

Yaran da suka ce zanzaro ne ba su duba gidan ba. Zanzaro da laka yake gini, a jikin bango ko bayan ƙofa ko cikin tsohuwar tukunya, shi kaɗai yake aikinsa, ba shi da abokin taya gini, kuma idan ka fasa ɗakinsa gizo-gizo za ka tarar a ciki, ko tsutsar ganye, wadda ya ajiye wa ɗansa. Da wuya ka ji ya harbi mutum sai an matse shi a hannu. Rina kuwa taro take yi, ba ta taɓa laka, busasshen kara da tsohon dirka take kankara da bakinta ta gauraya da yawu ta yi saƙarta. Na sha tsayawa kusa da darni ina jin ƙarar kankararta a jikin kara, ƙaramar ƙara ce amma idan wuri ya yi tsit ana jinta sarai. Saboda haka abin da ka gani a makaranta da wanda ka gani a Jiratawa, a wurinmu duka rina ne.

Game da launi, na taɓa ganin saƙa ɗaya da masu duhu da masu haske a kanta, suna zaune tare ba faɗa. Abin da na lura kuma shi ne a bakin tafki da cikin lambuna ba ta yankewa, rani da damina kana ganinta, amma a kan jigawa da zarar an gama girbi iska ta bushe sai ta yi ƙaranci. Da bazara za ka gan ta a bakin randa tana ɗibar ruwa tana komawa gida. Ka yi daidai da ka hana a ƙone ta, domin na ga da idona tana ɗauke tsutsa daga ganyen wake, ta tauna ta har ta zama ɗan curi, ta tashi da ita. Sai dai ka gargaɗi yara kada su jefe ta.

Ɗalibar Nazarin Ƙwari

Malam, barka da ƙoƙari. Baba na Madarumfa ya riga ya yi rabin aikin, domin rabewar da ya yi tsakanin mai ginin laka da mai ginin takarda ita ce rabewar farko da masana ma suke yi. Ina so in ɗora a kan maganarsa, kuma ina neman haƙuri domin bayanin zai yi tsawo.

Siffar da ka bayar, wato dogon ƙugu siriri, da gidan takarda marar rufi mai mariƙi ɗaya, da zama cikin taro kaɗan, ta yi daidai da zuri'ar da ake kira Belonogaster. Sunan daga harshen Girkanci ya fito, ma'anarsa mai ciki kamar allura. Wani masani ɗan birnin Jeneba na ƙasar Suwizalan, Henri de Saussure, shi ya raɗa wa zuri'ar wannan suna a 1854. Irin da aka fi sani a cikinta, wanda kuma shi ne aka ɗauka a matsayin ma'aunin zuri'ar baki ɗaya, shi ne Belonogaster juncea. Johan Christian Fabricius, mutumin Denmak kuma ɗalibin Linnaeus, wanda ya kafa tsarin ba halittu suna na kimiyya, shi ya fara bayyana shi a 1781 da sunan Vespa juncea, domin a wancan zamani kusan duk abin da ya yi kama da rina a cikin Vespa ake zuba shi. Kalmar juncea ta Latin ce, tana nufin siriri kamar ciyawar fadama. Idan ka ga an rubuta sunan Fabricius da shekarar a cikin baka bayan sunan ƙwaron, alama ce cewa an ɗauke irin daga zuri'ar da ya fara sa shi an mai da shi wata. Idan kuma kana bincike a tsofaffin littattafai za ka tarar da shi a matsayin junceus, duk abu ɗaya ne, gyaran nahawu aka yi daga baya.

Matsayinsa kuwa haka yake. Babban rukunin shi ne Hymenoptera, wanda ya haɗa ƙudan zuma da tururuwa da rina da zanzaro. A cikinsa akwai dangin Vespidae, waɗanda ake gane su da abu biyu masu sauƙin gani: suna naɗe fikafikansu a tsaye idan sun sauka har su zama sirara, kuma idonsu yana da ɗan lotsawa ta ciki kamar ƙwayar wake. A cikin wannan dangi akwai ƙaramin dangin Polistinae, masu ginin takarda, kuma a cikinsa akwai ƙabilar Ropalidiini mai zuri'a huɗu: Ropalidia, da Parapolybia, da Polybioides, da Belonogaster. Parapolybia ba a samunta a Afirka, galibi a Asiya take. Polybioides ta Afirka a dazuzzuka masu ruwa take zama, tana yin babban taro, kuma tana lulluɓe gidanta, saboda haka ba ita ka gani ba.

A nan ne sunayenmu na Hausa suke rabuwa da na masana. Abin da muke kira zanzaro ba abu ɗaya ba ne. Akwai baƙi mai rawayan ƙugu wanda yake tara gizo-gizo, shi ne Sceliphron spirifex, kuma duk da kamarsa da rina ba ɗan dangin Vespidae ba ne, ya ma fi kusa da ƙudan zuma a asali. Akwai kuma mai gina ƴar tukunyar laka yana tara tsutsar ganye, kamar ƴan zuri'ar Delta, wanda shi ɗan Vespidae ne amma ba ya zaman taro. Haka nan rina a bakinmu ta haɗa Belonogaster da Polistes da Ropalidia. Polistes ba ta da dogon ƙugu, cikinta yana farawa siriri ya yi kauri ya sake sirancewa kamar mazari. Ropalidia ƙarama ce, gaɓa ta biyu ta cikinta kamar ƙararrawa take. Wannan ba gazawar harshenmu ba ce, manomi ya raba su ne bisa abin da ya shafe shi, wato wanda ke harbi da wanda ba ya harbi, da irin ginin kowanne.

Akwai gwaji ɗaya da za ka iya yi da ɗalibanka. Ka sami wadda ta mutu ta faɗo ƙarƙashin gidan, ka ɗora ta a kan farar takarda, ka ƙidaya gaɓoɓin ƙahonta da madubin ƙara girma, tun daga doguwar gaɓar da ke manne da kai, da ƴar ƙaramar da ke bi mata, har zuwa ƙarshe. A yawancin rina, har da Polistes da Ropalidia, mace tana da gaɓa 12, namiji 13. A Belonogaster mace 11 gare ta, namiji 12. Akwai kuma wata ɗabi'a ta ƙabilar Ropalidiini da ake gani a jikin gidan. Tsutsar rina ba ta fitar da kashi sai ta gama girma, a lokaci ɗaya take fitar da shi. A wurin Polistes kashin yana zama a gindin ramin. A wurin Belonogaster da ƴan'uwanta manyan ne suke huda gindin ramin ta baya su zare shi su yar. Idan ka sami tsohon gida da aka bari, ka juya bayansa ka duba, za ka ga alamar wannan aiki.

Ta fuskar yaɗuwa, zuri'ar Belonogaster ta Afirka ce kudu da Sahara, tana da iri masu yawa a tsibirin Madagaska waɗanda ba a samun su ko'ina sai can, kaɗan kuma sun tsallaka zuwa yankin Larabawa, har zuwa Indiya. Belonogaster juncea tana cikin masu faɗin ƙasa, ana samunta daga Afirka ta Yamma zuwa ta Tsakiya da ta Gabas da ta Kudu, har da kudu maso yammacin Asiya, kuma sananniya ce da son gine-ginen mutane, ƙarƙashin rufi da baranda da bakin taga. An raba ta reshe biyu. Na farko shi ne juncea juncea, wanda Maurice Tindo da Alain Dejean suka yi dogon nazari a kan zamantakewarsa a Kamaru. Na biyu shi ne juncea colonialis, wanda Franz Kohl na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya ya bayyana a 1894, kuma an fi saninsa a gabashi da kudancin nahiyar.

Yanzu ga babbar tambayarka. Launi shi kaɗai ba ya yanke hukunci a wannan zuri'a, kuma shi ne ya fi wahalar da masanan da suka yi aiki a kanta. Robert du Buysson ya tattara zuri'ar a littafi guda a 1909, sannan O. W. Richards ya sake bin ta daki-daki a 1982 da samfuran gidan ajiyar halittu na Landan. A irin wannan bita ne ake gano cewa sunaye biyu ko uku na abu ɗaya ne, domin wani ya sami mai duhu ya ba ta suna, wani ya sami mai ja a wata ƙasa ya ba ta wani. Abin da ake dogara da shi shi ne ƙira: fasalin farantin fuska da ke saman baki, da tsawon ƙugu idan an gwada shi da sauran jiki, da gashin jiki, da ƙananan ramukan fata, musamman kuma siffar gaɓoɓin ƙarshe na ƙahon namiji. Ɗigo biyu rawaya da ka gani a Jiratawa ana samun irinsu a iri fiye da ɗaya na Belonogaster, kuma girmansu yana bambanta. Saboda haka hoto zai iya kai mu ga zuri'a, amma sunan iri sai an ɗora ƙwaron a ƙarƙashin madubi.

Ma'aikacin Gona, Dakwaro

Malama, Allah ya ƙara basira, na ƙaru ƙwarai. Amma akwai inda ban gamsu ba, kuma gara in faɗa. Kin ce launi ba ya yanke hukunci, alhali ke da kanki kin ce an raba wannan iri reshe biyu. To, me zai hana mu ce baƙar ta makaranta reshe ɗaya ce, ja ta Jiratawa kuma ɗaya reshen? A ganina wannan ya fi sauƙi, kuma zai ba Malam amsar da zai kai wa yara gobe.

Sannan ina so in ƙara wani abu a kan yaɗuwa daga abin da nake gani a wurin aikina. A nan arewa ruwan sama bai kai na Madarumfa ba ko kusa, itatuwa sun fi ƙaranci, kuma rinar mai dogon ƙugu ba na ganinta a fili cikin gonaki, sai a cikin gari, a rumfunan kasuwa da bayan ɗakunan da ke kusa da famfo ko rijiya. Wannan ya sa nake tunanin cewa gine-ginenmu da ruwan da muke zubarwa su ne suke ba ta damar zama a wuraren da da ba za ta iya ba. Idan haka ne, iyakar da aka zana mata a taswira ba za ta zama layi ɗaya miƙaƙƙe ba, za ta zama ɗigo-ɗigo ne a garuruwa da bakin ruwa.

Abin da ya sa batun ya dame ni shi ne manoma. A yankin nan mutane sun fara sanin ƙaramin ƙwaron nan Habrobracon hebetor, wanda masu bincike na INRAN, wato cibiyar binciken aikin gona ta Nijar, da na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo ta Maraɗi suka yi aiki a kansa, ana sakinsa daga ƴan buhuna domin ya kashe tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi. Manomin da ya yarda cewa ƙwaro yana iya zama abokinsa, shi ne kuma yake ɗaukar wuta da dare ya ƙone gidan rina a bakin rumbunsa. Ina so in iya gaya masa sunanta da abin da take ci ba tare da na yi ƙari ba.

Ɗalibar Nazarin Ƙwari

Yaya na Dakwaro, tambayarka tana kan hanya, kuma ita ce ta kai mu ga gundarin maganar. Reshe a wurin masana ba launi yake nufi ba kawai, yanki yake nufi. Ana cewa iri yana da reshe biyu ne idan mazauna wani yanki na ƙasa sun bambanta da mazauna wani yankin a kai a kai, alhali kuwa za su iya haihuwa da juna idan sun haɗu. Saboda haka reshe biyu na iri ɗaya ba sa zama gari ɗaya kowanne yana riƙe da kamarsa, domin da sun zauna tare da auratayya ta gauraya su. Tsakanin Maraɗi da Jiratawa kuwa tafiyar ƴan kilomita ce, babu dutse babu teku. Abu biyu ne suka rage. Ko dai iri ɗaya ne mai sauyin launi a tsakanin ƴaƴansa, ko kuma iri biyu ne daban na Belonogaster da suke zaune kusa da juna ba sa haihuwa tare. Na biyun ba abin mamaki ba ne, domin akwai wasu iri masu faɗin ƙasa, kamar Belonogaster grisea, kuma sau da yawa ana samun iri biyu ko uku a yanki ɗaya.

Dalilan sauyin launi a cikin iri ɗaya kuma suna da yawa. Wadda ta fito daga raminta yau jikinta da taushi yake, launinta bai gama kamawa ba, sai ta yi kwanaki kafin ta yi duhu, kuma wannan zai iya zama abin da Baba ya gani a saƙa ɗaya. Namiji yakan fi mace hasken fuska. Gwaje-gwajen da aka yi a kan Polistes sun nuna cewa zafi da laimar da tsutsa ta girma a ciki suna taɓa yawan baƙin da zai fito a jikinta. Girman jiki ma yana bin yawan abincin da aka ba ta tana tsutsa, kuma a Belonogaster juncea babu wata ƙira bayyananniya da ta raba uwar gida da masu aiki, duk mata ne iri ɗaya, wadda ta fi ƙarfin mamaya ita ce take yin yawancin ƙwai, sauran su fita neman abinci. Akwai kuma akasin wannan duka, wanda ya fi ruɗarwa: ƙwari masu harbi da ke zaune yanki ɗaya sukan yi kama da juna a launi ko da ba dangin kusa ba ne, domin tsuntsun da ya sha harbin ɗaya zai guji duk mai kama da shi. Shi ya sa wasu ƴan Delta, masu tukunyar laka, suke kama da Belonogaster har mutum ya rantse abu ɗaya ne. Ke nan masu launi daban za su iya zama iri ɗaya, masu launi ɗaya kuma su zama iri biyu.

Maganarka a kan taswira na yarda da ita, kuma zan ƙara mata. Taswirar yaɗuwar ƙwaro ana zana ta ne daga samfuran da ke ajiye a gidajen ajiya, kuma waɗannan samfura sun fi fitowa daga inda masu tarawa suka zauna, wato garuruwan bakin teku da manyan birane da tashoshin bincike. Ƙasar Sahel ba ta sami wannan kulawa kamar yankunan dazuzzuka ba. Wannan abu yana ci mini rai, domin ɗalibi a Maraɗi zai iya karanta yadda wannan rina take zama a Yawunde, babban birnin Kamaru, dalla-dalla, amma ta kan rufin ajinsa ba wanda ya rubuta ranar da ta fara gini da ranar da ta watse. A Yawunde laima ba ta yankewa sosai, mu kuwa muna da watanni bakwai ko takwas ba ruwa, da hunturu da bazara, kuma yadda take ƙetare waɗannan watanni tambaya ce da malamin makaranta mai kaye, wato littafin rubutu, da alƙalami zai iya fara amsawa.

Abin da za ka gaya wa manomi ba tare da ƙari ba shi ne wannan: manyan suna shan ruwan fure da zaƙin ƴaƴan itace, amma ƴaƴansu nama suke ci, galibi tsutsar ganye da aka tauna. Mace ce kawai take harbi, domin ƙarin asalinsa bututun ƙwai ne da ya sauya aiki, kuma tana iya harbi fiye da sau ɗaya, ba kamar ƙudan zuma ba. Gidan da ke nesa da hanyar yara a bar shi. Wanda aka harba kuma ya fara kumburin fuska ko wuya, ko numfashi ya yi masa wuya, a kai shi likita nan take, kada a tsaya shafa magani.

Malamin Kimiyya, Unguwar Zariya

Na gode muku baki ɗaya, musamman Baba da Malama. Na dawo da rahoton abin da muka yi.

Ranar Laraba da safe muka tarar da guda biyu a ƙasa ƙarƙashin gidan, ɗaya tururuwa sun riga sun fara janta, ɗaya kuma lafiya lau. Muka ɗora mai kyaun a kan takarda a bakin taga inda haske yake, na ba yara madubin hannu guda ɗaya da muke da shi, na ce kowa ya ƙidaya ya rubuta a ɓoye kafin ya faɗa. Da farko amsoshin sun bambanta, wasu 10 wasu 11, sai muka gano cewa masu 10 suna tsallake ƴar ƙaramar gaɓar nan ta biyu, wadda take kamar ƙwayar gero a maƙale tsakanin doguwar da sauran. Da aka sake ƙidaya kowa ya sami 11. Yarinyar da ta fi kowa dagewa cewa zanzaro ne ita ce ta fara lura da lotsawar idon, ta kira ni in gani.

Ranar Asabar na koma Jiratawa da asuba. Ɗan kawuna ya nuna mini wani tsohon gida da aka bari a ɗaya gefen rumfar, na cire shi na juya bayansa, na ga gindin ramukan da alamar an taɓa huda su, kamar yadda Malama ta faɗa. Na kuma sami ɗaya matacciya a kan buhun taki, ja mai ɗigo biyu, ƙahonta 11. Da na ajiye su gefe da gefe, ta Jiratawa ta fi ta makaranta gajarta kaɗan, kuma fikafikanta sun fi haske. Ban gaya wa yara cewa iri biyu ne ko ɗaya ba. Na rubuta Belonogaster a allo, na ja layi a gabansa na bar wurin a buɗe, na ce aikinmu ne mu cike shi.

Mun buɗe kaye na musamman. Kowace Litinin ƴan aji biyu za su ƙidaya manyan da ke kan gidan da ramukan da aka toshe, daga nesa, kafin a shiga aji, su rubuta kwanan wata da yanayin gari. Malama, ina so ki gaya mini yadda zan adana waɗanda muka samu domin kada su lalace kafin su kai hannun wanda zai iya tantance su.

Ɗalibar Nazarin Ƙwari

Malam, abin da kuka yi shi ne daidai. Ka sami ƙananan kwalabe masu murfi, ka zuba alkol mai ƙarfin kashi 70 na kantin magani, ka sa na kowane gida a kwalbarsa, kada ka haɗa na makaranta da na Jiratawa ko da sau ɗaya. Takardar bayani a cikin kwalbar za ka sa ta, ba a bayanta ba, kuma da fensir za ka rubuta domin alkol yana wanke tawada: sunan wuri, da kwanan wata, da inda gidan yake rataye, da sunan ajin da ya tara. Ka ɗauki hoton kowace kafin ka jefa ta ciki, domin rawaya da ja sukan dusashe idan an daɗe. Idan ana so a yi gwajin ƙwayoyin gado daga baya, sai a ware ƙafa ɗaya a alkol mai kashi 95 a ajiye ta wuri mai sanyi.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ku sami namiji daga kowane gida, domin a jikinsa ne alamomin rabewa suka fi fitowa. Maza ba sa bayyana sai gida ya girma, saboda haka ku sa ido nan gaba. Za ku gane shi da hasken fuskarsa, da ƙarshen ƙahonsa da yake lanƙwashe, da gaɓa 12 maimakon 11, kuma gaɓoɓin cikinsa da ake gani bakwai ne, na mace shida. Tsohon gidan da ka ciro ma ka ajiye shi a cikin kwali da ɗan maganin asu, ka rubuta masa takardarsa. Idan kun tara mata uku ko huɗu da namiji ɗaya daga kowane wuri, ka sanar da ni a nan, zan zo makarantar in karɓa in kai su ɗakin gwaji.